Bashin Haraji da Ɗaukaka Ƙara a Ƙasar Kano

Tun kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Kano suna da hanyar da suke bi da wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. A fiƙihun Malikiyya ana kiransa muflisi. Alƙali yakan hana shi taɓa dukiyarsa, a sayar da ita, a raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙin kowa, amma a bar masa sutura da abin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Wanda kuma ya kawo shaidu, ya yi rantsuwa cewa ba shi da komai, sai a saurara masa har ya samu.

Bashin haraji bai sami wannan sassauci ba. Bayan cin Kano a 1903, Turawa suka kafa dokar haraji ta 1906, suka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni nauyin tarawa. Dagacin da kuɗinsa bai cika ba yana iya rasa rawaninsa, saboda haka shi ma sai ya matsa wa talaka. Akan sayar da akuya ko hatsin mutum, ko a tsare shi. Wannan ya tsananta a farkon shekarun 1930, lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi, har wasu suka bar garuruwansu.

To, ina mutum zai kai kuka? Daga kotun alƙali sai ta babban alƙali, sannan majalisar Sarki. Matsalar ita ce, mai karɓar haraji da mai yanke hukunci duk ma'aikatan En'e ne. Dokar kotuna ta 1933 ta buɗe ƙofar kai wasu ƙararraki gaban kotunan gwamnati, amma manomin ƙauye bai san hanyar ba, ba shi kuma da kuɗin bin ta. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya jawo wa NEPU magoya baya tun daga 1950.

Gyara ya zo ne sannu a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 aka raba kotuna da En'e, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A wannan shekarar ce Nijeriya ta yi dokar fatarar kuɗi, ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumin irin wannan shari'a, wanda bai gamsu ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wato mai bin bashin ba shi ne alƙali ba, abin da kakanninmu suka daɗe suna nema.