Kwaɗayi ko Shaƙuwa? Sake Nazarin Jiran Hachiko a Tashar Shibuya, 1925 zuwa 1935

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki labarin Hachiko, karen Japan da ya yi kusan shekara goma yana zarya zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya bayan rasuwar ubangidansa, domin tantance fassarori uku da aka yi wa halinsa: biyayya, kwaɗayi da shaƙuwa. Da aka jera al'amuran bisa shekarunsu, sai ta bayyana cewa hujjar masu zargin kwaɗayi ta makara da shekara bakwai.

Gabatarwa

An haifi Hachiko a watan Nuwamba 1923 a yankin Odate na lardin Akita. A farkon 1924 aka kai shi Tokyo wurin Hidesaburo Ueno, farfesan aikin gona a Jami'ar Daular Tokyo. Karen ya saba taryen ubangidansa a tasha da yamma. Ranar 21 ga Mayu 1925 jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwar Ueno yana wurin aiki, ya rasu bai koma gida ba. Karen kuwa bai daina zuwa tashar ba sai ranar 8 ga Maris 1935, da aka tsinci gawarsa a wani titi na Shibuya. Zamansu tare bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Tambayar ita ce: me ke kai shi can?

Bitar ra'ayoyi

Fassarar biyayya ba ta buƙatar dogon bayani. Masanin tarihi Aaron Skabelund ya nuna a littafinsa na 2011 yadda hukumomin Japan na shekarun 1930 suka shigar da labarin cikin darasin tarbiyya na 'yan firamare, don yara su koyi yi wa sarki abin da kare ya yi wa maigida. Biyayya kuwa umarni take bi, kuma mamaci ba ya ba da umarni.

Fassarar kwaɗayi ita ce ta fi samun kasuwa a wajen masu ganin kansu sun waye, kuma da ita wannan maƙala take jayayya. Masu ita suna cewa bakin tashar cike yake da masu gasa tsiren kaza, wanda Japanawa ke kira yakitori, kuma ƙamshin nama ne ke jawo karen. Babbar madogararsu ita ce tsinkayen tsire da aka samu a cikinsa sa'ad da aka feɗe gawarsa. Hujja ce mai daɗin faɗi, tana kuma sa mai faɗinta jin cewa shi ba a yi masa tatsuniya. Matsalarta ita ce ta ɗauki ranar ƙarshe ta rayuwar dabba ta yi wa shekara goma hukunci da ita.

Nazarce-nazarcen halayyar karnuka ma ba su mara mata baya ba. A 1998 József Topál da abokan aikinsa a Budapest sun gwada karnuka da gwajin da Mary Ainsworth ta tsara don auna shaƙuwar jariri da uwarsa, suka ga kare yana bambanta mai shi da baƙo, yana tsayawa bakin ƙofa idan ya fita. A 2015 Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui na Jami'ar Azabu sun wallafa a mujallar Science cewa haɗa ido tsakanin kare da mai shi yana ƙara sinadarin oksitosin a jikin su biyun, abin da ba a gani ba a kyarketan da mutane suka yi renonsu. A 2016 kuma ayarin Gregory Berns na Jami'ar Emory a Amurka ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar karnuka suna farke, ya tarar biyu kacal daga cikinsu ne suka fifita abinci a kan yabon mai su.

Hanyar bincike

An tattara al'amuran da tarihinsu ya tabbata, aka jera su shekara bi shekara, sannan aka auna kowace fassara da wannan jeri.

Sakamako

Jerin ya raba jiran Hachiko gida biyu, kuma iyakar tsakaninsu ita ce 4 ga Oktoba 1932. A ranar ce jaridar Asahi ta buga labarinsa, bayan Hirokichi Saito, wanda ya kafa ƙungiyar kiyaye irin karnukan Japan a 1928, ya kai mata shi. Daga nan komai ya sauya. Mutane suka riƙa zuwa takanas da abinci a hannu, ma'aikatan tasha suka fara kula da shi, a watan Afrilu 1934 aka kafa masa mutum-mutumin tagulla yana nan zaune ana bikin. Kare da ke cikin wannan gata, mene ne abin mamaki idan an sami tsinken tsire a cikinsa a 1935? Tsinken shaida ne cewa an ba shi tsire a kwanakinsa na ƙarshe, kuma iyakar abin da yake shaida ke nan.

Shekaru bakwai na farko su ne ma'auni. A tsakanin 1925 da 1932 kusan ba wanda ya san shi sai mutanen unguwa. Bayanan da suka zo game da wannan lokaci suna nuna babban kare mai kunnen hagu a langaɓe, zaune kusa da ƙofar da fasinjoji ke fitowa. Yara suna tsokanarsa, masu sana'a suna korarsa don kada ya tare musu ciniki, wasu har ruwa suke watsa masa. Wulaƙancin nan ne ma ya taɓa zuciyar Saito har ya nemi jarida. Ga shi kuma ba karen bola ba ne: a yawancin waɗannan shekaru yana zaune a Tomigaya, gidan Kikuzaburo Kobayashi, tsohon mai kula da lambun Ueno, inda ake ciyar da shi. Duk wanda ya taɓa kiwon kare ya san makwaɗaicin kare lissafi gare shi. Inda aka jefe shi sau biyu ba a ba shi komai ba, gobe wani lungu zai nufa. Dabbar da ke barin akushi a gida ta je inda ake korarta, yau da gobe, shekara bakwai, ba cikinta ne ke kai ta ba.

To, sabo ne kawai? Hausawa na cewa sabo turken wawa, kuma akwai gaskiya a nan, domin dabba tana bin hanyar da ta saba. Amma sabon da aka gina a kan lada yakan tsinke idan lada ta yanke, abin da masu nazarin halayya suka daɗe da tabbatarwa. Ladar Hachiko ita ce fitowar mutum ɗaya daga wannan ƙofa, kuma ta yanke tun Mayu 1925. Abin da ya rage shi ne abin da Topál ya gani a ɗakin gwaji na 'yan mintuna: kare a bakin ƙofar da mai shi ya ɓace. Kalmar da ta dace da wannan ita ce shaƙuwa. Ina ganin wajibi ne a faɗe ta ba kunya, domin mun fi saurin yarda cewa dabba na da ciki fiye da yarda cewa tana da zuciya. Binciken da Jami'ar Tokyo ta sake yi wa kayan cikinsa a 2011 ya nuna ciwon daji da tsutsar zuciya ne suka ci shi, wato da wannan jiki yake zuwa tashar a ƙarshen rayuwarsa.

Iyakokin bincike

Dole a amsa cewa yawancin bayanan shekarun farko an rubuta su ne bayan karen ya yi suna, kuma Saito mutum ne mai muradin ɗaukaka irin karnukan ƙasarsa. Gwaje-gwajen Budapest da Azabu da Emory ma a kan wasu karnuka aka yi su, shekaru da dama bayan mutuwarsa. Sai dai wannan rauni ya fi cin masu zargin kwaɗayi, domin su ba su da ko shaida guda da ta girmi 1932.