Kwalbar Ƙarƙashin Gado

A nan Karfi, da sauran garuruwan noma tsakanin Funtua da Malumfashi, mun taso da sanin cewa ɗan ƙwaya namiji ne: ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar taramol don ya gama noman masara kafin azahar, ko mai zuƙar sholisho a bayan tasha. Tun kafa hukumar NDLEA a 1989, irinsa ake nunawa da yatsa.

Maganin tari mai kodin ne ya tona asiri. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. BBC ta fitar da bincikenta a ƙarshen Afrilu 2018, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin da shigo da shi. Rahoton UNODC na Janairu 2019, kan 'yan shekara 15 zuwa 64, ya ce cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce, a shan maganin tari kuwa mata sun kamo maza.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa ciwon matashi mai shaye-shaye yakan fito fili: faɗa, sata, gudun makaranta. Na yarinya ciki yake ci: damuwa, fargaba, rashin barci, har tunanin kashe kai. Sau da yawa ma ciwon ya riga kwalbar zuwa, bayan fyaɗe ko auren dole.

Shi gidan mari akan kai shi. Da 'yan sanda suka fasa na Rigasa a Satumba 2019, da na Daura a Oktoba, maza da yara maza aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa. Ita kuwa sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, ko a gaggauta aurar da ita kafin magana ta fita. Wane uba ne zai so a ga budurwar 'yarsa a layin asibitin Dawanau ko Barnawa?

Mu ma da laifinmu. A labaran da muke sakewa a WhatsApp, 'yar kodin kusan kullum sangartacciyar 'yar Alhaji ce a birni, daga ƙarshe ta tuba ko ta haukace. Har yanzu ba mu rubuta yarinyar ƙauyen da ta daina magana wata uku kafin uwarta ta tsinci kwalba a ƙarƙashin gado ba.