Warren Moon

Harold Warren Moon tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, wanda ya shafe shekara 23 yana buga matsayin kwatabak a manyan gasanni biyu, CFL ta Kanada da NFL ta Amurka. An haife shi ranar 18 ga Nuwamba, 1956 a birnin Los Angeles. Shi ne baƙar fata na farko cikin masu wannan matsayi da aka shigar Zauren Gwarazan Ƙwallon Amurka da ke Canton a jihar Ohio, a shekarar 2006.

Kwatabak shi ne madugun ƙungiya duk lokacin da ƙwallo ke hannunta. Shi ke karɓar ta a farkon kowane yunƙuri, ya dubi yadda 'yan tsaron abokan karawa suka jeru, sannan cikin daƙiƙa kaɗan ya yanke shawara: ko ya jefa wa abokinsa da ya ruga gaba, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya kutsa da kansa, alhali ƙarti suna rububin kayar da shi. Aiki ne na kai kafin ya zama na dantse, kuma wannan ne tushen wahalar da Moon ya sha. A zamanin tasowarsa masu horarwa da yawa sun ɗauka cewa baƙar fata ba zai iya jan ragamar ƙungiya ba, don haka da zarar irin wannan yaro ya nuna gudu sai a mai da shi wani matsayi.

Tasowarsa

Moon yana da shekara bakwai mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta rene shi tare da 'yan uwansa mata shida, kuma tun yana yaro ya iya girki da ɗinki da guga don rage mata nauyi. Da ya gama sakandaren Alexander Hamilton, manyan jami'o'i sun neme shi bisa sharaɗin ya sauya matsayi. Ya ƙi. Ya gwammace ya yi shekara guda a ƙaramar kwalejin West Los Angeles a 1974, har Jami'ar Washington, ƙarƙashin mai horarwa Don James, ta yarda ta ɗauke shi a matsayin da yake so.

Shekara biyun farko a jami'ar ba su yi armashi ba, har 'yan kallon gida sukan yi masa ihu. A kakar 1977 sai al'amura suka juya: ƙungiyar ta zama zakarar yankinta, ta kuma doke Michigan da maki 27 da 20 a wasan Rose Bowl na ranar 2 ga Janairu, 1978, inda aka zaɓi Moon gwarzon wasa. Duk da haka, wakilinsa Leigh Steinberg ya fahimci cewa ƙungiyoyin NFL ba su da niyyar ɗaukarsa da wuri. Moon ya sa hannu da Edmonton ta Kanada kafin ranar zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, aka kuma yi zagaye 12 na zaɓen ba wanda ya kira sunansa.

Edmonton

Wasan Kanada ya bambanta da na Amurka. Filin ya fi tsawo da faɗi, 'yan wasa 12 ne a kowane ɓangare maimakon 11, kuma yunƙuri uku ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, ba huɗu ba. Wannan yana tilasta yawan jifa, abin da ya dace da ƙarfin hannun Moon. Da farko sun riƙa karɓa-karɓa da tsohon hannu Tom Wilkinson, kafin ragamar ta dawo wurinsa. Edmonton, ƙarƙashin Hugh Campbell, ta ɗauki kofin Grey sau biyar a jere daga 1978 zuwa 1982, abin da babu ƙungiyar da ta sake yi. An zaɓi Moon gwarzon wasan ƙarshe a 1980 da 1982. A 1983 ya yi jifa na yadi 5,648, ya zama gwarzon gasar baki ɗaya.

Houston

Ƙungiyoyin da suka kau da kai gare shi a 1978 su ne suka shiga zawarcinsa a 1984. Houston Oilers ce ta yi nasara, da kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 5.5, bayan ta ɗauko Campbell ya zama mai horar da ita. Farkon bai yi daɗi ba, domin wasa uku kacal suka ci cikin 16 a kakar farko, kuma Moon ya sha zagi na wariyar launi daga wasu 'yan kallo a filin Astrodome. Amma daga 1987 zuwa 1993 Houston ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale shekara bakwai a jere.

Ganiyarsa ta zo ne da zuwan Jack Pardee a 1990, wanda ya shimfiɗa salon da ake zuba masu cafke ƙwallo huɗu a lokaci guda: Haywood Jeffires, Drew Hill, Ernest Givins da Curtis Duncan. A wannan salo mai cafka yakan sauya hanyarsa yana cikin gudu gwargwadon motsin ɗan tsaro, don haka dole mai jifa ya karanci abin da shi ma ya karanta a daidai wannan ƙiftawar ido. Babu amsar da ta fi wannan ga masu shakkar basirarsa. A 1990 ya yi jifan yadi 4,689, a 1991 ya yi 4,690. Ranar 16 ga Disamba, 1990 ya yi yadi 527 a wasa ɗaya da Kansas City, adadin da a lokacin Norm Van Brocklin kaɗai ya taɓa wucewa, tun 1951.

Akwai tabon da ba a raba shi da tarihinsa. Ranar 3 ga Janairu, 1993 a Buffalo, Moon ya yi jifan ci huɗu kafin hutun rabin lokaci, bayan an dawo kuma tazara ta kai 35 da 3. Buffalo, da kwatabak ɗinta na ko-ta-kwana Frank Reich, ta farke har ta wuce gaba. Moon ya ja ƙungiyarsa ta yi canjaras 38 da 38, amma a ƙarin lokaci Nate Odomes ya tare jifansa, wasa ya tashi 41 da 38. Ba adalci ba ne a ɗora masa rushewar 'yan tsaro, sai dai gaskiya ne cewa bai taɓa kai wasan ƙarshe na NFL, Super Bowl, ba.

Shekarun ƙarshe

A 1994 aka mai da shi Minnesota Vikings, inda ya wuce yadi 4,200 shekara biyu a jere. A 1995 an tuhume shi da cin zarafin matarsa, kotu ta wanke shi a 1996. Ya buga wa Seattle Seahawks a 1997 da 1998, ya kuma zama gwarzon wasan taurari na Pro Bowl yana da shekara 41. Ya ƙare a Kansas City Chiefs, ya yi ritaya a Janairun 2001.

A NFL ya tara yadi 49,325 da jifan ci 291, an kuma gayyace shi Pro Bowl sau tara. Idan aka haɗa da yadi 21,228 na Kanada, jimilla ta kai 70,553. Tun a 1989 ya kafa gidauniyar Crescent Moon mai tallafa wa ɗalibai marasa hali su shiga jami'a, a shekarar kuma NFL ta ba shi kyautar Gwarzon Shekara saboda hidimar jama'a. Kanada ta shigar da shi nata zauren gwaraza a 2001. A 2006 ƙungiyar Tennessee Titans, wadda ita ce tsohuwar Oilers bayan ƙaura daga Houston, ta jingine rigarsa mai lamba 1.