Tafkin Chadi da Bambancin Juriyar Mutum da ta Dabba

Masana kimiyyar halittu sun bambanta hanyoyi biyu da mai rai yake bi ya jure sauyin muhalli, wato wurin da yake samun abinci da mafaka yake kuma hayayyafa. Ta farko ita ce sauyin jiki ta hanyar gado, wanda yake ɗaukar zuriya bayan zuriya kafin ya tabbata. Ta biyu kuwa sauyin ɗabi'a ce ta hanyar koyo, kuma a nan ne ɗan Adam ya yi wa sauran halittu fintinkau.

Tafkin Chadi ya nuna wannan bambanci ƙarara, domin faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwansa. Giwan ruwa, wanda yake buƙatar ruwa mai zurfi, ya ragu ƙwarai, yayin da tarwaɗa mai iya shaƙar iska ta bunƙasa a fadamun da suka rage, gaiwa kuma takan binne kanta cikin laka ta yi watanni har ruwa ya dawo. Kowannensu ya tsaya ne inda halittarsa ta tsayar da shi. Masunta kuwa, Buduma da Barebari da Hausawa, da yawansu sun jingine koma suka ɗauki fartanya, suka shuka masara da wake a danshin da tafkin ya bari, cikin 'yan shekaru kaɗan.

Sai dai wannan baiwa tana da farashi, kuma galibi dabba ce take biya. Mariri ya jure ƙishirwar Sahel tsawon ƙarnoni, amma ya kasa jure bindiga da mota da cunkoson garke a makiyayarsa, har aka ayyana ƙarewarsa a daji a 2000. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996.

Farfaɗowarsu ma daga hannun mutum ta zo: an mayar da mariri dajin Chadi tun daga 2016, raƙuman dawa kuma sun haura 600 bayan da aka hana farautarsu. Saboda haka, tunda mutum ne kaɗai yake iya sauya sana'a cikin damina guda, shi ne kuma ya wajaba ya bar wa dabba burtali da mashaya da dajin da ba za a sare ba.