Sarki Asoka: Daga Inda Fim Ɗin Sharu Khan Ya Tsaya

Mai karatu, in kana cikin ma'abota finafinan Indiya, da wuya a ce fim ɗin Asoka ya wuce ka. Shi ne wanda darakta Santosh Sivan ya fitar a watan Oktoba na 2001, inda Sharu Khan ya fito a matsayin ɗan sarki mai zafin zuciya, Karina Kafur kuma ta fito a Kaurwaki, gimbiyar ƙasar Kalinga. An sha rawa, an sha waƙa, an sha sara da takobi. To amma ka tuna inda aka tashi? Jarumi ya ci yaƙi, ya shiga zagaya fagen fama yana tsallake gawarwaki, nadama ta lulluɓe shi, ya yar da takobi. Shi ke nan, sai sunaye suka fara hawa. A ganina masu fim ɗin sun kai mu bakin kasuwa ne suka ce mu juya gida, domin mutumin ya ƙara kusan shekara 30 a kan gadon mulki bayan wannan rana, kuma abin da ya yi a cikinsu shi ya sa duniya ba ta manta da shi ba.

Asoka dai ba ƙagaggen jarumi ba ne. Jikan Candragufta ne, wanda ya kafa daular Mauriya, kuma ya hau mulki wajen shekara ta 268 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Fadarsa na Fatalifutra, inda birnin Patna yake a yau. Shekara 8 da naɗa shi ya auka wa Kalinga, wato yankin da ake kira Odisha yanzu. Adadin ɓarnar da aka yi ba wani maƙiyinsa ne ya ba mu ba, shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin dutse: an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000 daga garuruwansu, waɗanda suka mutu daga baya kuma sun ninka haka. Sarakunan da can sun saba sa a rubuta yawan mutanen da suka kashe don tinƙaho. Wannan ya rubuta ne yana cewa abin ya dame shi. Ita kuwa Kaurwaki, akwai sunanta a jikin wani ginshiƙi a matsayin matar sarki ta biyu, amma zancen gimbiyar Kalinga da soyayyar bakin rafi, wannan gishirin masu fim ne.

Koyarwar da Asoka ya runguma ta girme shi da ƙarni biyu ko fiye. Mai ita, Siddata Gotama, wanda aka fi sani da Buda, ɗan gidan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau. Ya bar gida ya shiga zuhudu, ya yi ta yawon koyarwa har ya mutu yana da shekara 80. Akwai alkawura 5 da duk mabiyinsa ke ɗauka, na farkon su kuwa shi ne kada ya kashe mai rai. Ka lura, mai rai aka ce, ba mutum kaɗai ba. A wurinsu duk abin da ke jin zafi, yake gudun mutuwa, ya shiga lissafi, tun daga giwa har tururuwa. Suna kuma da aƙidar cewa rai kan mutu ya dawo cikin wani jiki daban, ta yadda akuyar da ke ɗaure a turke za ta iya zama uwar mutum a wata rayuwa da ta shige. Wannan aƙida ta yi hannun riga da abin da muka yi imani da shi, amma sai ka san ta kafin ka gane dalilin wasu dokokinsu. Cikin 'yan kayan da aka yarda ɗan zuhudunsu ya mallaka har da ƙyallen tace ruwa, don kada ya haɗiye ƙananan halittu. In damina ta sauka kuma sai su zauna wuri guda wata 3, saboda mutane sun yi ƙorafin cewa suna tattake shuka da ƙwari in suna yawo.

Batun daidaito tsakanin mutane ya fi wannan tayar da ƙura, domin Indiya ƙasa ce ta asali, inda sana'ar da aka haife ka a ciki ita ce darajarka har ka mutu. Littattafansu sun kawo labarin wasu 'ya'yan sarauta na dangin Buda da suka zo shiga zuhudu tare da wanzaminsu, Ufali. Sai aka fara karɓar wanzamin. A ƙa'idarsu wanda ya riga shiga shi ne babba, don haka dole 'ya'yan sarki su riƙa rusuna wa mai yi musu aski. Kai ma kwatanta abin a garinku ka gani. Mata ma an karɓe su, amma sai da ƙanwar mahaifiyar Buda, wadda ta raine shi, ta yi ta naci, kuma aka gindaya musu ƙarin sharuɗɗa 8 da suka ajiye su ƙasa da maza. Daidaiton bai kai ko'ina ba ke nan.

Abin da Asoka ya yi shi ne ɗauko wannan tarbiyya daga bakin masu zuhudu ya mayar da ita aikin hukuma. Ya fara ne daga madafar gidansa. A wani rubutun ya faɗi cewa a da ana yanka dabbobi dubu ɗaruruwa kullum don miyar fada, yanzu kuwa saura 3: ɗawisu 2 da barewa 1, ita ma barewar ba kullum ba, kuma yana da niyyar daina waɗannan ɗin. Wannan wuri yana ba ni dariya, yana kuma burge ni. Ga sarkin da ke mulkin kusan duk Indiya ya tsaya yana gaya wa talakawansa cewa har yanzu fa bai iya rabuwa da naman ɗawisu ba. Ya daina fita farauta. Ya ce ya tanadi magani iri biyu, na mutane da na dabbobi, inda babu itatuwan magani kuma ya sa aka kai aka dasa. Aka haƙa rijiyoyi a bakin hanya, aka shuka itatuwan inuwa da na mangwaro, kuma a rubuce yake cewa don amfanin mutum da dabba ne.

Shekara 26 da naɗa shi ya fitar da doka mai dalla-dalla. Ya jero halittun da ba a yarda a kashe ba, cikinsu har da aku da jemage da kunkuru da beguwa. Ba a yanka akuya ko tunkiya mai ciki ko mai shayarwa, ba a yanka ɗanta sai ya wuce wata 6. Ba a fiɗiye zakara. Ba a cinna wa ƙaiƙayi wuta in akwai masu rai a ciki, ba a ƙona daji haka kawai ko don a kashe namun da ke cikinsa. Akwai ranakun da ba a kama kifi ba a sayar da shi. Masu ƙona daji da rani don kama gafiya, da a zamaninsa suke, da sun gane kurensu.

Aku ne ya zo na farko a jerin. Ma'abota littafi sun san wani akun, wanda ya zama waziri a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Manazarta sun nuna cewa dabarar sa aku ya riƙa ba da labari don ya tsare mutum daga fita, daga wani tsohon littafin Indiya ta samo asali. Mabiya Buda ma suna da nasu rumbun tatsuniyoyi, Jataka, mai labari 547, da yawansu dabbobi ne jarumai. A ɗaya daga ciki sarkin barewa ne ya miƙa wuyansa a yanka a madadin wata barewa mai ciki, abin da ya sa sarkin mutane ya ji kunya ya hana farauta.

Duk wannan tarihi sai da ya ɓace. Harufan da aka yi rubutun da su, Birahmi, an manta yadda ake karanta su, ginshiƙan suna tsaye mutane na wucewa ba su san me suke faɗa ba. Sai a 1837 wani Baturen Ingila mai aiki a gidan buga kuɗi na Kalkata, James Prinsep, ya warware su. Ko a nan ma laƙabi aka tarar, Fiyadasi, sai a 1915 aka gano wani dutse a Maski mai ɗauke da sunan Asoka ƙarara. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947 ta sa da'irarsa a tsakiyar tutarta, zakunan da ke kan ginshiƙinsa na Sarnat kuma suka zama tambarin ƙasa a 1950.

Kada ka ɗauka waliyyi nake zana maka. Asoka bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Rubutun nadamar nan ma an sassaƙa shi a wurare masu nisa, amma a cikin Kalinga kanta, a Dauli da Jaugada, an tsallake shi an sa wasu a gurbinsa. Bai soke hukuncin kisa ba, kwana 3 kawai ya ba wanda aka yanke wa don danginsa su nemi sassauci. A zamaninmu kuma mun ga ƙasar Myanmar, inda mabiya Buda suka fi yawa, yadda a 2017 Musulmi 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash saboda kisan da sojoji ke yi musu.

Akwai kuma wani lauje cikin naɗi da ya fi shafar mu mutanen Kano. Cikin sana'o'i 5 da aka ce mabiyin Buda ya guje musu akwai cinikin nama, alhali shi Buda bai haramta wa almajiransa cin naman da aka ba su sadaka ba, muddin ba don su aka yanka ba. Wato mai ci ya tsira, mai yanka ya shiga uku. A Japan, inda sarki Temmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji a wasu watanni tun shekara ta 675, wannan tunani ya haɗu da tsohuwar al'adarsu ta ƙyamar jini da gawa, aka wayi gari mahauta da majema sun zama ƙasƙantattu, unguwarsu daban, aurensu daban. Sai a 1871 doka ta soke wannan matsayi, tabon kuwa ya daɗe bai goge ba. An tausaya wa saniya, an wulaƙanta mai jeme fatarta, kuma kowa na sanye da takalmi.

Kano kuwa garin fata ne. Fatar jar akuyarmu ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Majeman cikin birni da bagaruwa suke jima. Da zamani ya zo aka kafa rukunin masana'antu na Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, kamfanonin fata suka koma amfani da sinadarai irin su kuromiyam. Dubban magidanta na ci daga wannan sana'a, kuma ba na cikin masu cewa a raina ta. Amma bi ruwan da ke fita daga bayan katanga ka ga inda ya nufa. Na Sharaɗa ya bi Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara. A bakin waɗannan ruwaye akwai masunta, akwai masu noman rani, akwai makiyayi da ke kora shanunsa su sha. Akuyar da aka yanka da wuƙa mai kaifi ta huta cikin minti guda. Kifin da ke cikin wancan ruwa fa?

Ko kuma tsaya a bakin titin Zariya wajen Na'ibawa da la'asar, ka dubi tirelolin da suka ɗauki hanyar Kudu. Shanu a cushe, an tanƙwara wuyan wannan an ɗaure ƙahonsa, wancan ya durƙushe wasu na taka shi, ga tafiyar kwana da kwanaki a gaba. Ga ɗan acaɓa da kaji rataye kai a ƙasa. Jaki ma, wanda ya yi wa kakanninmu dakon goro daga Gwanja, ya shiga wani sabon tasku tunda aka fara neman fatarsa a Sin don haɗa wani magani da suke kira ejiao. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna bayan ta ce an fitar da 80,000 a shekarar, alhali a shekarar da ta gabata 27,000 ne. Jaka kuwa sai ta yi kusan shekara guda da ciki kafin ta haifi ɗa ɗaya. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da a dakatar da yanka jakuna don fatarsu a duk nahiyar.

Ba sai mun je Indiya aron tausayi ba, na sani. Yaron da ya yi makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ita ma ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabba ko ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Yaushe rabon da ka ji an gurfanar da wani a kan haka? Inda Asoka ya sha bamban shi ne bai tsaya ga wa'azi ba. Shekara 13 da naɗa shi ya ƙirƙiro wasu jami'ai na musamman, aikinsu su zagaya ƙasa su ga ana bin wannan tarbiyya, su duba halin fursunoni da tsofaffi da marasa galihu. Ya kuma ce ya sa an sassaƙa dokokin a dutse ne don su daɗe, 'ya'yansa da jikokinsa su bi.

Ya mutu wajen shekara ta 232 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ba a cika shekara 50 ba, wajen 185, babban kwamandan sojan daular, Fushiyamitra Shunga, ya kashe sarkin Mauriya na ƙarshe a wurin faretin soja ya haye gadon. Cikin abubuwan da tarihi ya riƙe game da mulkinsa akwai tsohuwar hadayar nan ta sarakunan Indiya, wadda ake sakin ingarman doki ya yi yawo shekara guda sannan a kamo shi a yanka. Sau biyu ya yi ta.