Makarantar da Ba a Tashi: Tarihin Labaran Soyayyar 'Yan Sakandare a Anime

Sau huɗu a shekara, a farkon Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, gidajen talbijin na Japan kan sauya jadawalinsu. Tsofaffin shirye-shiryen zane mai motsi, wanda duniya ta sani da suna anime, su kammala, sababbi arba'in ko fiye su hau gurbinsu. Da wuya zango ya zo ya wuce ba a sami labarai da dama da ke gudana a cikin aji ba: yaro a kujerar baya kusa da taga, yarinyar da ke zaune gabansa, da kalma guda da za a kwashe mako goma sha biyu ana juya ta a baki ba a furta ba. Mai bin su daga Kano ko Yamai yakan sami sabon kashi da yamma, domin sha biyun dare a Tokyo ƙarfe huɗun la'asar ne a Najeriya da Nijar.

Wannan lokaci abin lura ne. Yawancin labaran 'yan makaranta ana nuna su ne daga tsakar dare, sa'ad da ɗalibi ya kamata ya yi barci. Ke nan da yawa daga masu kallon manya ne da suka bar aji da daɗewa. Tarihin da ya kawo haka ya fi shekara ɗari, kuma ya haɗa dokar ilimi da kasuwar mujallu da sauyin da aure ya samu a ƙasar.

Yadda aji ya zama dandali

A 1899 gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta yaɗa manyan makarantun 'yan mata a faɗin ƙasa. Ba a jima ba masu buga littattafai suka gane cewa an sami sababbin masu karatu, 'yan matan da suka wuce ƙuruciya amma ba su kai ga ɗakin miji ba, sai aka fara yi musu mujallu na kansu. A cikin irin waɗannan mujallu Yoshiya Nobuko ta fara fitar da jerin gajerun labaranta, *Hana Monogatari*, a 1916. Labarai ne na shaƙuwa tsakanin ɗalibai mata, na musayar wasiƙu da hawayen rabuwa ranar sallama. Samari ba su da wuri a ciki, tun da maza da mata ba sa haɗa makaranta a wannan mataki. A farkon shekarun 1920 kuma rigar nan mai kwalar sojan ruwa ta fara zama kayan makarantar 'yan mata, yayin da maza suka riga suka saba da baƙar riga mai tsayayyen wuya da aka kwaikwayo daga kakin sojojin Turai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin mamayar Amurka, dokokin ilimi na 1947 suka shimfiɗa tsarin da ake kai har yau: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Aka kuma buɗe ƙofar haɗa maza da mata a aji ɗaya. A 1950 waɗanda ke zarcewa babbar sakandare ba su kai rabin yaran da suka gama ƙarama ba. A 1974 sun haura kashi 90 cikin ɗari. A daidai wannan tsakanin aure ma ya sauya fuska. A shekarun 1930 kusan bakwai cikin kowane aure goma na haɗin iyaye da 'yan tsakani ne, amma kafin shekarun 1960 su ƙare auren soyayya ya rinjaye shi.

Haɗuwar waɗannan sauye-sauye ta ba marubuta dandalin da kowa ya sani. Babbar sakandare ta zama zangon ƙarshe da kusan dukkan 'yan ƙasa suka ratsa tare, kafin jarabawar shiga jami'a da aikin kamfani su raba su. Tana kuma da kalandar da ta dace da labari: buɗe shekara a Afrilu lokacin da furannin sakura ke zuba, wasan wuta a hutun zafi, bikin al'adu na makaranta da kaka, cakulan da 'yan mata ke bayarwa ranar 14 ga Fabrairu, sai bikin sallama a Maris. Marubuci ba ya bukatar bayani. Da ya ambaci wata, mai karatu ya san saura kwana nawa a rabu.

Shekarar 1978 da sana'ar jinkiri

A Maris 1959 aka fara buga mujallun manga na mako-mako guda biyu domin yara maza, *Shonen Sunday* da *Shonen Magazine*. Ranar 1 ga Janairu 1963 kuma *Tetsuwan Atomu* na Tezuka Osamu ya buɗe babin anime na rabin awa a kowane mako. Shekara da shekaru rabon ya kasance a fayyace: maza na da dambe da ƙwallo da butum-butumi, soyayya kuwa tana mujallun 'yan mata, inda sau da yawa ake kai ta can wata ƙasa mai nisa, kamar yadda Ikeda Riyoko ta kai nata labarin fadar Faransa a 1972.

A 1978 katangar ta tsage. Yanagisawa Kimio ya fara *Tonda Kappuru* a *Shonen Magazine*, wata matashiya mai suna Takahashi Rumiko kuma ta fara *Urusei Yatsura* a *Shonen Sunday*, labarin wani ɗalibi mai rawar kai da baƙuwa daga wata duniya da ta ɗauka ya nemi aurenta. Aka tabbatar cewa samari ma za su sayi labarin zuciya idan an gauraya shi da barkwanci. Japanawa suka gajarta sunan nau'in zuwa *rabukome*. A 1981 *Urusei Yatsura* ya koma talbijin. A shekarar Adachi Mitsuru ya fara *Touch*, labarin tagwaye, Tatsuya da Kazuya, da maƙwabciyarsu Minami, da burin kaiwa filin Koshien inda ake gasar besbol ta makarantun sakandare. Kazuya, wanda kowa ya ɗora wa ido, ya mutu a hatsarin mota ranar wasan ƙarshe na yankinsu, ɗan'uwansa ya gaji matsayinsa a fili. Anime ɗin ya gudana daga 1985 zuwa 1987, kashi 101, kuma ya nuna cewa labarin 'yan makaranta zai iya ɗaukar makoki kamar yadda yake ɗaukar raha.

A nan ne jinkiri ya zama sana'a. A al'adar matasan Japan, soyayya ba ta tabbata sai ɗaya ya tsaya gaban ɗaya ya furta ta a fili, abin da suke kira *kokuhaku*. Ga mujallar mako-mako, wadda ke auna farin jinin kowane labari da ra'ayoyin masu karatu, wannan furuci haɗari ne: ranar da aka yi shi aka amsa, dalilin sayen fitowa ta gaba ya ragu. Don haka sai a kawo kishiya, ko rashin fahimta, ko ƙarar wasan wuta ta danne maganar. *Urusei Yatsura* ya kai 1987 a takarda, shekara tara, ya ƙare jarumin bai faɗi kalmar ba.

Tsakar dare da mako goma sha biyu

Shekarun 1990 sun faɗaɗa nau'in. *Hana yori Dango* na Kamio Yoko, wanda ya fara a 1992, ya jefa 'yar talakawa cikin makarantar 'ya'yan attajirai inda samari huɗu ke mulki da cin zali. Labarin ya tsallaka teku, aka mai da shi wasan kwaikwayo a Taiwan a 2001 da Koriya ta Kudu a 2009. A 1994 kamfanin Konami ya fitar da wasan kwamfuta *Tokimeki Memorial*, inda mai wasa ke tafiyar da shekara uku na sakandare yana fatan a furta masa soyayya ƙarƙashin wata bishiya ranar sallama.

Sauyi mafi nauyi ya faru ne a ɓangaren kuɗi. Bayan nasarar *Evangelion* a 1995, masana'antar ta fahimci cewa akwai manya da za su sayi faifan bidiyo da tsada. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai aka karkata ga sa'o'in tsakar dare masu arha. Kamfanin buga littattafai da na kiɗa da na faifai da na kayan kwalliya su haɗa kwamitin shiri, su zuba jari tare, su sayi lokacin talbijin na wata uku, wato kashi 12 ko 13. Shirin ya zama tallan littafin da aka ciro shi daga ciki.

Wannan ne ya sa mai kallo kan kai kashin ƙarshe ya tarar da masoyan nan har yanzu suna kallon ƙasa. Littafin bai ƙare ba, kuma kwamitin ya fi son a tafi a saya. Zango na biyu ya danganta da ciniki, wani ya zo bayan shekaru, wani ba ya zuwa sam. Shi ya sa *Toradora!*, wanda ya fara a Oktoba 2008 ya kai labarinsa ƙarshe cikin kashi 25, ya zauna a zukatan masu kallo.

Bin zango a lokaci guda da Japan kuwa intanet ce ta kawo shi. Da farko masoya ne ke fassara shirye-shiryen da kansu su yaɗa ba tare da izini ba. Crunchyroll, wanda aka kafa a 2006, daga irin wannan haramtacciyar hanya ya taso, kafin ya gyara tafiya a Janairu 2009 ya fara nuna sabon kashi da izini awa ɗaya bayan fitowarsa a Japan. A 2021 Sony ya saye shi kan dala biliyan ɗaya da miliyan 175.

Masu riƙe da alƙalami

Labarin soyayyar aji ba shi da faɗa ko fashewa da za su ɓoye kasawar zane. Ya dogara ne ga ƙananan abubuwa: motsin yatsa, kau da ido, yadda ƙafa ke jinkiri a bakin ƙofa. Masu zana waɗannan, musamman sababbin shiga da ke cike zanen tsakani, an daɗe ana biyansu ne a kan kowace takarda, yen 200 ko makamancin haka, kuma yawan shirye-shiryen kowane zango ya sa jinkirin fitar da kashi ya zama ruwan dare.

Kyoto Animation ya bi wata hanya dabam. Ya ɗauki ma'aikatansa da albashi, ya horar da su a cikin gida, mata kuma suna da yawa a cikinsu. Daga can *Clannad* ya fito a 2007, *Hyouka* a 2012, sai fim ɗin *Koe no Katachi* na Yamada Naoko a 2016, labarin yaron da ya zalunci wata kurmar yarinya a firamare ya dawo yana neman gafararta a sakandare. Ranar 18 ga Yuli 2019 wani mutum ya zuba fetur ya cinna wuta a ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin. Mutum 36 suka rasu, da yawansu matasa ne da suka sadaukar da rayuwarsu ga zana ƙuruciyar wasu.

Azuzuwan da ke raguwa

A 'yan shekarun nan nau'in ya fara duba kansa. *Kaguya-sama*, wanda ya hau talbijin a 2019, ya mai da jinkirin abin dariya: haziƙai biyu da girman kai ya hana kowannensu furtawa, kowa na kitsa dabarar da za ta sa ɗayan ya riga shi. *Horimiya* na 2021 ya haɗa masoyansa da wuri, ya tsaya yana kallon abin da ke biyo baya. *Skip to Loafer* na 2023 ya bi 'yar ƙauye daga gundumar Ishikawa zuwa makaranta a Tokyo, ya ba abota nauyi daidai da soyayya. *Makeine* na 2024 kuwa ya juya ga 'yan matan da aka ƙi, waɗanda tsofaffin labarai kan mance da su da zarar an zaɓi wata. A gefe guda aka sake zana *Urusei Yatsura* a 2022 da *Ranma ½* a 2024, domin 'ya'ya da kuma iyayen da suka kalli na farko.

Mai zaɓen abin da zai bi a sabon zango zai amfana da wannan tarihi idan ya duba abu uku: ko littafin da aka ciro labarin ya kammala, kashi nawa aka tanada, da kuma gidan da ya zana shi. Amsoshin kan nuna tun daga makon farko ko za a kai ga furuci ko za a tsaya a bakin ƙofa.

Sai dai ƙasar da ke samar da labaran ba ta tsaya yadda take ba. A 1973 an haifi yara sama da miliyan biyu a Japan, su ne 'yan shekara goma sha biyu lokacin da *Touch* ya fara a talbijin. A 2016 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya, a 2024 kuma haihuwar 'yan ƙasa ba ta kai 700,000 ba. Tsakanin 2002 da 2020 an rufe makarantun gwamnati sama da 8,000, da yawansu a irin ƙauyukan da jarumar *Skip to Loafer* ta baro. A allon talbijin kuwa aji na nan cike, ana hayaniyar shirin bikin al'adu, ana ajiye wasiƙa a ma'ajiyar takalma, ana roƙon maɓalli na biyu na rigar saurayi ranar sallama saboda shi ne ya fi kusa da zuciya. Yawancin yaran da aka haifa a 2024 za su shiga babbar sakandare a Afrilun 2040, kuma yawansu bai wuce kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka haifa a 1973 ba.