Mai Ciki a Kwance Ba a Barinta Ita Kaɗai

 Yau hirarmu da ke ce, ke da likita ya ce ki kwanta ki huta saboda cikinki, har kaɗaici ya fara damunki.

Iyayenmu ba su bar mai ciki ita kaɗai ba. Idan cikin fari ya tsufa, akan kai yarinya gidansu goyon ciki. Tsofaffi su zauna gefenta suna kaɗi suna hira, da dare a yi tatsuniya.

Karatu ma har ɗaki yake iske mace. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, dattijan mata masu kai ilimi ga 'yan taru a ƙauyuka. Daga baya rediyo ya karɓi wannan aiki. Kin tuna 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara? Rediyo ne ya rage mana abokin hira.

To 'yar uwa, raya wannan gado. Aika a kira maƙwabciya, ki yi tilawa, ki ɗauki ɗinkin hula. Riƙa motsa ƙafafu, domin doguwar kwanciya kan daskarar da jini a jijiya. In kin ga jini, kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani, kada kunya ta hana ki faɗa, a garzaya asibiti.

Allah ya sauke ki lafiya.